Ranar da Aka Hutar da Kakana

Har yau in na ji ƙaurin kifin banda a tasha, kakana nake tunawa, sai abinci ya fita raina.

A ƙauyenmu na bakin kogi, kusa da Gashuwa, ya yi sana'ar su har ƙarfinsa ya ƙare. Amma da ya daina jefa koma, ragarsa ta kamun kifi, bai zauna ba. Da kogi ya cika, sai ya tara yaran unguwa da hantsi ya koya mana hawa gora, ƙaton duman nan da masunta ke kwanciya a kai rubda ciki suna tuƙi da hannu. Ya nuna mana inda ruwa ke juyawa, da yadda ake ɗinke koma, duk don Allah. Ni kam ragon jika yake ce mini, wai gora ma kuka yake in na hau. Tsohon nan da tsokana!

Sai baffana, ma'aikaci a Nguru, ya zo ya gan shi tsamo-tsamo cikin ruwa, yara na ta ihu. Ransa ya ɓaci. Ka san halinmu, wai mutane za su ce 'ya'yansa sun kasa riƙe shi. Kaka ya roƙa a bar shi ko ruwan bana ne, akwai yaran da ba su iya ba tukuna. Baffa ya ce, "Baba, ka yi naka. Ka huta."

Aka kai shi Nguru, ɗakin siminti, sabuwar katifa, tuwo da nama. Wallahi ba wanda ya wulaƙanta shi. Da muka je gaishe shi da salla, na tarar ya rame, yatsunsa na motsi a kan gwiwa kamar mai ɗinkin koma. Bai tsokane ni ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Wa ke kai yaran ruwa?" Babu kowa kuwa. Bai ga wata damina ba.

Yanzu ciyawar kacalla ta cinye mashigin da muka koyi iyo, kuma cikin yaran nan ni kaɗai na rage da na iya ɗaurin komarsa. Furfura ta cika mini kai. Makon jiya na ce zan tara yaran layinmu in koya musu ɗaurin nan kafin in tafi kabari da shi. Babban ɗana ya riƙe hannuna cikin ladabi, ya ce, "Baba, ka yi naka. Ka huta."

Na koma ɗaki na zauna. Katifar kuwa sabuwa ce.