Izu Na Talatin Da Bakwai Da Ban Karanta Ba

Edita, sallama gare ka da sauran masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne mai gyaran babura a Tudun Wada, karatuna bai wuce sakandare ba, kuma babu abin da ke motsa mini jini kamar ƙwallo. Ba ta Turai nake nufi ba, ƙungiyar garinmu nake nufi, wadda yayana ya daɗe yana tsare wa raga kafin ciwon suga ya zaunar da shi. Ni na buɗe wa magoya bayanta zaure a waya, ni ne admin, na kuma kafa doka guda: ƙwallo kaɗai. Yayana na cikin mutanen farko da na saka. Yanzu ya rasu, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Bayan an kwashe masara a shekarar aka buɗe gasar kofi tsakanin ƙungiyoyin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Babu wanda ya ɗauke mu a bakin komai. Sai muka je Ɗansoshiya, aka ci mu ɗaya kafin hutun rabin lokaci, muka dawo muka zura musu biyu. Mako ya zagayo muka hau bayan motar da ke ɗaukar masara, mu kusan arba'in da ganga biyu, muka tafi Riruwai muka fitar da su a bugun fenariti. Har yau ina tuna yadda golanmu ya miƙe ya ture ta ƙarshe. Daga nan zauren ya cika ya batse. 'Yan garinmu da ke ci-rani a Kudu suka riƙa roƙon a saka su. Wayata ba ta hutawa: hotuna, kirari, tsokanar 'yan Kiru, gardamar wa ya kamata ya buga lamba tara. A gareji ma sunana ya koma admin, ni kuma ina jin kaina kamar ni nake buga wasan.

Ana cikin wannan ne yayana ya fara turo saƙonninsa. Kowace Juma'a da safe sai ya turo jerin lambobi daga ɗaya zuwa sittin, wato izu sittin na Alƙur'ani, tare da muryarsa yana roƙon kowa ya sa sunansa a izu ɗaya, ya karanta kafin wata Juma'ar, a haɗu a yi sauka. Bai faɗi dalili ba. Kuma ba ya tsayawa nan. Duk wanda ya ɗauki izu sai ya bi shi kullum yana tambaya ko ya karanta, domin a wurinsa amana ce, in mutum ɗaya ya bari to saukar ba ta cika ba. Da farko mutane suka karɓa don girmansa. Daga baya aka fara gunaguni. Wani ya ce an mayar da zauren ƙwallo makarantar allo. Wasu suka same ni ta bayan fage suka ce ba sa ƙin Alƙur'ani, Allah ya kiyaye, amma kowane zance da muhallinsa, kuma in don yayana ne na kasa bin dokar da na kafa da kaina, to za su buɗe nasu zauren. Wannan magana ta tsorata ni fiye da yadda ya kamata.

A makon wasan kusa da na ƙarshe aka ɗauke izu duka, saura na talatin da bakwai. Yayana ya turo tuni sau uku a rana ɗaya. Don ya yi shiru na sa sunana, da niyyar zan karanta in na samu sarari. Ban samu ba, ko in ce ban nema ba. Ranar Juma'ar wasa, muna bayan mota hanyar Bagauda ana ta kiɗa, sai ga saƙonsa yana cewa ni kaɗai ake jira. Da hannu ɗaya na riƙe ƙarfen mota, da ɗayan na rubuta masa cewa na karanta. Ko buɗe shafin ban yi ba.

Ana tsakiyar wasa, ɗaya da ɗaya, mutanen Kudu na ta tambayar me ake ciki, sai yayana ya turo doguwar murya ta addu'ar sauka, ya bi ta da wata, ya sake bin ta da wata. Zaure ya kaure. Ina tsaye a bakin fili, raina a ɓace, na danna na cire shi. Minti kaɗan bayan haka muka ci ta biyu, na cilla hulata sama na manta da komai. Muka je wasan ƙarshe muka ɗauki kofin. Aka tare mu tun daga bakin gari da babura, mata na guɗa, tsofaffi na ɗaga mana sanda. Ban taɓa ganin garinmu haka ba.

Washegari 'yan wasa suka ce sai an kai wa tsohon gola kofin, na yi musu jagora ina ɗari-ɗari. Muka same shi a kan tabarma, ya rame. Ya karɓi kofin yana shafa shi, yana dariya, yana tambayar ta wane ɓangare golanmu ya faɗi, yana yi masa faɗan cewa yana saurin fitowa daga raga. Bai ɗauko zancen cire shi ba ko kaɗan. Da za mu tafi ya riƙe hannuna ya ce, “Auta, Allah ya yi maka albarka. Izunka ne ya cika mana saukar nan.” Na ce amin. Na so in faɗa masa gaskiya, amma ga mutane, sai na ce a raina zan dawo ni kaɗai in faɗa masa. Na yi ta ɗagawa. Bai cika wata guda ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar uku matarsa ta kira ni ta gaya mini abin da ban taɓa tambaya ba. Tun yana saurayi yake sauke Alƙur'ani duk wata, sai ciwon ya taɓa masa ido har ya daina ganin rubutu. Ita ce take rubuta masa jerin, ita take karanta masa sunayen waɗanda suka ɗauka. Kunya ta hana shi faɗa mana, kuma ya zaɓi zaurenmu ne domin a ganinsa nan ne mutanensa suke. Ta ce da ya ji waya shiru kwana biyu ya zaci matsalar sabis ce, sai ta duba ta faɗa masa gaskiya. Ya ce kada ta yi mini magana, hidima ce ta yi mini yawa.

Na je wurin limamin unguwarmu na faɗa masa komai. Ya ce in karanta, in nemi gafara, in yawaita yi masa addu'a, kuma na yi, ina kan yi. Ba na cewa masu ƙorafi sun yi laifi, gaskiya ne kowane zaure da abin da aka buɗe shi dominsa. Laifina shi ne tsakanin garejina da gidan yayana tafiyar minti biyar ce a babur, ban taɓa zuwa na zauna na ce masa me ya sa ba. Don haka ina kira ga masu riƙe da zauruka, kafin ku cire mai damunku da saƙo, ku kira shi ku ji ta bakinsa. Masu sa suna a jerin sauka kuma, kada ku ɗauki abin da ba za ku karanta ba, kada ku ce kun karanta don a rabu da ku. Akwai mai gaskata ku a ɗaya ɓangaren. Nawa ya gaskata ni, ya sa mini albarka a kan ƙarya, ya kuma tafi kafin in gyara.