Motarka Ta Huta, Kai Ba Ka Huta Ba, Baba Garuba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga Yuni, 2024, saura kwana huɗu Babbar Sallah, da safe ina jera kayan facina a bakin garejin manyan motoci na Aboabo a Kumasi, na gan ka ka shigo da ƙafa, Baba Garuba. Ɓawon albasa ya manne maka a wuya, kafaɗar rigarka ta jiƙe da gumi. Ka zauna a bencin Maame Rakiatu mai koko, ta miƙa maka kofi. Kofin yana hannunka barci ya ɗauke ka, kokon ya zuba a ƙafarka da zafinsa, ba ka motsa ba. Da la'asar ɗin ranar labari ya iso mana cewa tirelarka ta bar titi gaba da Kintampo, ka cika a wurin.

Ni ne Khalidu mai faci. Karatuna bai yi nisa ba, amma shekara shida ina kallon shigarka da fitarka. Gidanka yana Bawku, kayanka daga tashar jirgin ruwa ta Tema kake ɗaukowa zuwa Wagadugu, Kumasi kuwa nan ne kamfani ya ce dole ka tsaya.

Kai ka koya mini sauraron taya. Ranar da na lalata maka faci har iska ta zube tun ba ka fita gareji ba, maigidana ya ɗauko belt zai dake ni. Ka shiga tsakaninmu ka ce, "Massa, ajiye. Ni zan nuna mishi." Ka ba ni ƙarfe, muka bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya ina bugawa, har kunnena ya rarrabe mai lafiya da mai ciwo. Da mahaifiyata ta kwanta da ciwon gwiwa, duk saukowarka daga arewa sai ka taho mata da man kaɗe a gwangwani, ba ka taɓa yarda ta san farashinsa ba. Tsofaffin unguwar Zango da yawa ta hannunka saƙonsu yake isa gida. Tsiyarka ɗaya ce, kullum sai ka ce Maame Rakiatu ta tsinka koko. Ita kuma ta ce, "Direba, in ka biya na mai kauri ka sha mai kauri."

Tun bara aka saka wa motocinku wata na'ura da take gaya wa ofis inda mota take da awa nawa ta tsaya. Doka ta ce in ka iso Kumasi sai mota ta yi awa goma sha biyu a kashe. Dokar ba ta da laifi, don a tsare rai aka yi ta. Amma kamfani tafiya yake biya, ba ya biyan tsayuwa. Babu kuɗin abinci, babu na ɗaki. Na taɓa tambayar ka me ya sa ba ka kwanciya, ka ce, "Ɗana, awa goma sha biyun nan nasu ne, ba su bar ni in je gida ba. Amma in za a biya, sai su ce lokacina ne." Shi ya sa kana kashe mota sai ka nufi kasuwar albasa, kana mutum mai shekara hamsin da biyar, ka shiga layin masu sauke buhu. A makon nan kayan Sallar yara kake haɗawa.

Ranar Asabar wani ma'aikacin kamfanin ya zo da takarda. Ya ce na'ura ta nuna ka huta cikakke, saboda haka ba gajiya ba ce, wataƙila ƙwaya ka sha, kuma wanda ya sha ƙwaya iyalinsa ba su da diyya. Ya ce in sa hannu cewa na gan ka kana barci a cikin mota. Ya tuna mini, cikin murmushi, cewa rabin tayoyin da nake faci nasu ne. Na ce masa zan yi tunani. Na yi tunanin, wannan rubutu shi ne amsata. Na san za su iya cewa dakon da ka yi ma karya doka ne. Su faɗa. Amma mutumin da ko goro ba ya ci, ba za a bar wa 'ya'yansa sunan ɗan ƙwaya da hannuna ba.

Abin da yake hana ni sukuni shi ne har yanzu motocin suna shigowa suna kashewa, direbobin suna sauka suna nufar kasuwa. Babu abin da ya canza ko kaɗan.

Allah Ya jiƙan ka, Baba Garuba, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka Habsa da yara biyar a Bawku, da dukan direbobin hanyar arewa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku.

Inna Habsa, in sun kawo miki takarda kada ki dangwala. Abin da na gani ba ni kaɗai na gani ba. Maame Rakiatu tana wurin, ita ta goge masa ƙafa. Malam Fu'ad ladan yana wurin, shi ya taɓa kafaɗarsa sau uku kafin ya farka. Brimah direba ma yana wurin, tare suka sauke buhunan. Shi Brimah in za a tambaye shi a hanzarta, jibi da safe zai tayar da mota zuwa Wagadugu.