Robar Hancin Adda Zulaihatu

Adda Zulaihatu yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta goye ni. A Dandin Mahe aka yi mata aure, can ta shekara talatin da wani abu tana suyar ƙuli-ƙuli a wani ɗan ɗaki da ko taga babu. Ɗanyen itace, karan dawa, har ledar da take hura wuta da ita, duk a ƙirjinta suka ƙare. In ka leƙa ɗakin ba ka ganin ta don hayaƙi, sai dai ka ji tari, ka ji ta tsokane ka. Ni kuwa nas ce a wani asibiti a Bodinga. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Sai ta ce, "Rahama sarkin iyayi, ƙulin ga dai shi kika ci kika yi boko."

Mijinta Bilyaminu a asibiti ya rasu, da robar iska a hanci. Tun daga ranar ta ɗauka, kamar yadda rabin garin suka ɗauka, cewa duk wanda aka sa wa iskar nan ba ya tashi.

Bara da damina, wata Talata da hantsi, maƙwabta suka kawo mini ita kwance a bayan mota, an lulluɓe ta da bargo. Kwance fa! Mace tana haki kamar an koro ta, leɓenta ya yi toka-toka, ko sunana ta kasa ƙarasawa. Na yaye bargon, muka ɗauke ta zuwa gado, na jera matasai uku na zaunar da ita. Na ƙirga numfashinta, talatin da shida a minti. Na maƙala mata ɗan abin auna iska a yatsa, ya nuna saba'in da huɗu. Lafiyayye ba ya sauka ƙasa da casa'in da biyar.

Ina jawo robar ta riƙe hannuna. "Ba wagga ba," in ji ta. "Don Allah."

Haushi ya kama ni, tausayi ya fi shi. Na sa robar a hancina, na zauna gabanta ina shaƙa kamar wata sakara, har na ce mata ta duba ko na mutu. Ta so ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. Daga nan ta sakar mini hannu.

Kwana biyu ina kanta. Iskar kaɗan-kaɗan muka sa, yadda likita ya ce, don tsohon ciwon ƙirji ba a cika masa. Allura a kan lokaci, ruwa kurɓi-kurɓi don kakin ya yi laushi, in sunkuyar da ita in bubbuga bayanta ta fitar. Na koya mata ta shaƙa ta hanci, ta fitar a hankali kamar mai hura kunu. Ranar Alhamis abin yatsa ya nuna casa'in. Ta sha fura rabin kofi, ta ce ta Bodinga tsami gare ta. Wallahi ranar na sa rai.

Bayan azahar sai ga babban wanmu, Malam Mijinyawa, daga Shagari. Tun rasuwar babanmu shi ne uba, kuma ba mugu ba ne. Yana ganin robar ya tsaya cak a bakin ƙofa, idonsa ya cika da hawaye. Abin da ya gani a hancin Bilyaminu ya sake gani.

Na durƙusa na ce, "Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, sauƙi take samu. A ƙara mata kwana biyar kawai." Likita ma ya yi masa bayani har sau biyu. Ya ce ya ji, ya gode, amma ba zai bar ƙanwarsa ta cika a hannun inji ba, gida zai kai ta. Ya nemi takarda ya sa hannu.

Na ce Adda ba yarinya ba ce, maganarta za a bi. Na juya gare ta. Na ga yatsunta a kan robar, ta dafe ta a kumatu, ta san abin da take yi mata. Ta dubi Yaya yana share ido da bakin rawani. Ta ce, "Bari, Rahama. Yaya ya yi magana."

Da hannuna na cire. Har gobe ina jin haushin hannun nan.

Na bi su cikin motar da Yaya ya zo da ita, na zauna baya, na jingina ta a ƙirjina don kada a kwantar da ita. Ina ƙirga numfashin da tafin hannuna, yana sauri, yana sauri, sai ya fara tsallake. Ba mu kai Dandin Mahe ba na rasa abin ƙirgawa. Ta cika a ƙirjina.

Yaya ya waiwayo daga gaba, ya dube ta, ya yi ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali, don kada ya tashe ta. "Kin gani ko? Har ta samu barci."