Ƙanƙarar da na kai wa surukina Izom

Ina buɗe kwanon a gaban surukina, sai na tarar da ruwa zalla.

A shekarun saba'in ne, Suleja tana amsa sunan Abuja. Na sayi ƙanƙara a kanti mai firji, na ɗaura a keke har Izom, bisa imanin cewa ta inji ba ta narkewa kamar ta sama. Har dattawa na sa aka tara.

Surukina ya leƙa kwanon, ya ce, "An gode, Malam. Amma kogin Gurara bai ƙafe ba tukuna."

Yau malaminmu na yaƙi da jahilci ya koyar da darasin narkewa, na sunkuyar da kai. Jama'a, wa tsarabarsa ta taɓa kunyata shi haka?