Takardar Yaya Bello Da Ban Fitar Ba

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana Bello, direban tarakta a wani kamfanin noma da ke kusa da Bodinga. Kamfanin ya daɗe da rufewa, amma har yau akwai wata 'yar takarda tasa a cikin tsohon ƙamus ɗina.

A zamanin Jamhuriya ta Biyu ne, lokacin da aka fara tsuke bakin aljihu, ana neman dalilin rage ma'aikata. Manajansu ya tura shi Lambara ya yi wa wani ɗan siyasa huɗa. Da magana ta kai hedikwata, sai aka tuhumi Yaya da fitar da tarakta ba izini, aka sa ranar zaman kwamiti.

Ina ɗalibi a kwalejin horon malamai a lokacin, ba ni da yawan magana, sai adana takardu. Ni na tsinci umarnin manajan a aljihun rigar aikin Yaya, layi biyu da sa hannunsa. Na goge maiƙon da ke jiki, na sa a ƙamus, na rubuta abin da Yaya zai faɗa daki-daki.

Kwana biyu kafin zaman, Kawu Mamman ya zo daga Shagari. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗan boko, mi kaka so? A tona babban mutum gaban jama'a? Mu ba haka munka gada ba. A tai a ba shi haƙuri, magana ta mutu." Aka sayi goro, dattawa uku suka raka Yaya gidan manaja. Ya karɓe su hannu biyu-biyu, ya ce ba komai.

Ranar zaman an bar ni na shiga don in karanta wa Yaya Turanci. Manajan bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Ranku shi daɗe, wanda bai yi laifi ba, mi zai kai shi gidana da dattawa neman gafara?" Shugaban kwamiti ya tambayi Yaya ko haka aka yi. Ya ce haka ne. Aka tambaya ko akwai mai ƙarin bayani. Ƙamus yana kan cinyata, yatsana yana kan shafin. Na tuna fuskar Kawu, na sunkuyar da kai. Yaya ya sa hannu a bayanin zaman, ban ko nemi a ba ni in karanta ba.

Aka sallame shi, aka rubuta rashin amana a takardar sallamarsa. Babu kamfanin da ya ƙara ba shi mabuɗin tarakta. Ya koma noman albasa, a nan ya ƙare.

Yanzu matasa kan zo mini da takardar tuhuma a waya. Nakan ce kada su je ban haƙuri kafin zama, domin abin da muke kira ladabi a zaure, a ofis amsa laifi ne. Su nemi tuhumar a rubuce, su riƙe kowace takarda, su miƙa ta kafin a tashi, kuma kada su sa hannu kan abin da ba su karanta ba. Ban san yadda Yaya zai ji wannan ba. Wataƙila ya ce zamani ya rage kunya.

Sau ɗaya ya taɓa ta da zancen, muna cirar albasa, shekaru bayan an sallame shi. Ya ce, "Ƙanena, takardar nan tana nan?" Na ce tana nan. Ya ce, "Aje ta. Ko ɗiyana su san ban yi sata ba."

'Ya'yansa sun gani, kowannensu ya karanta. Allah ya jiƙan Yaya Bello. Bai taɓa tambayata abin da ya hana ni buɗe ƙamus ɗin ba, ni ma ban taɓa gaya masa ba.