Tsayuwa a Tudun Ƙarshe

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Hulme cikin Manchester, Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da wata mata 'yar ƙasar Norway. Doguwa ce siririya, furfura ta fara fito mata, mijinta yana koyarwa a jami'a. Na daɗe ina mata kallon mai ɗan taɓin hankali, Allah ya yafe mini. Ana ruwa ana iska za ka gan ta a hanyar kekuna, ta ɗaura wasu dogayen ƙarafa masu taya a ƙafafunta, sanda biyu a hannu, tana tura kanta kamar mai tuƙa kwalekwale. Ni kuwa ina bakin taga da kofin shayina, ina tambayar kaina me ya yi zafi haka.

Daga baya na ji ashe 'yar wasa ce da ta yi ritaya. A ƙasarsu suna tseren dogon zango a kan dusar ƙanƙara, cikin daji, hawa da gangara, da dogayen katako a ƙafa, abin da suke kira ski. Ta yi wa ƙasarta wannan tseren shekara da shekaru. Manchester ba dusar kirki, shi ya sa take rage zafi da masu tayar.

Wadda ta fara shiga jikinta ita ce 'yata ta fari. A nan aka haife ta, lokacin tana sakandare, kuma Allah ya ba ta ƙafa. Tana yi wa makarantarsu gudun dogon zango, wanda ake yi cikin ciyawa da laka da sanyin hunturu. Maƙwabciyar tawa ta riƙa fita da ita atisaye, tana koya mata yadda ake numfashi a hawa.

To, kun san halinmu da 'ya'yan fari. Tunda na haifi yarinyar nan sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. "Ke" nake ce mata, in ina ba da labarinta in ce "yarinyar nan". Idan ta shigo da lambar yabo tana haki, sai in ce madalla, a je a yi wanka. Ƙaninta kuwa ko cokali ya ɗauke daga ƙasa sai unguwa ta ji sunansa. A wurina wannan shi ne tarbiyya, haka na gani haka na tashi. In an tafi tsere ni ce direba. In sauke ta a ƙofar fili, in zauna a mota in kunna hita don jin ɗumi, ina ta addu'a a zuci har ta fito.

Wata ranar Lahadi na yi masa, na aika wa maƙwabciyar tawa, sai ta dawo da kwanon da kanta. Ta zauna a kicin, ba ta iya kewaye-kewaye ba, ta ce, "'Yarki ta ce daga tseren Birmingham ta daina gudu."

Na ce, "To ai da sauƙi, ta mayar da hankali kan karatu."

Ta ce, "Gudun bai ishe ta ba. Cewa ta yi ba wanda ke jiran ta. Kuma ta tambaye ni ko na san laifin da ta yi miki tun tana ƙarama, da ba kya iya faɗin sunanta."

Maganar nan ta soke ni. Yarinyar da na kusa rasa raina wajen haihuwarta, wai ita ke tunanin ba na son ta. Na shiga yi wa Baturiya bayanin kunya da Turancina, ina kame-kame, ina cewa a wurinmu wanda ka fi so shi kake ɓoyewa. Na zaci za ta yi dariya, sai ta gyaɗa kai ta ce, "Haka mahaifina yake."

Ranar ta ba ni labarin tserenta. Ta ce tun tana ƙarama a kan katakon take zuwa makaranta, daga nan ta shiga gasar ƙauyuka, har aka ɗauke ta cikin tawagar ƙasa tana budurwa. Ta zagaya ƙasashen sanyi, ta yi gasa ba adadi, amma ba ta taɓa cin zinare ita kaɗai ba. Kullum tana dab da na gaba, ta huɗu, ta shida. Lambar da ta fi ji da ita ta tagulla ce, ita ma tare da abokan tserenta suka ci. Ta yi fama da ciwon baya, ta yi shekara guda ba ta taka dusa ba, ta dawo.

Mahaifinta kuma manomi ne mai sarar itace, bai taɓa ce mata sannu da ƙoƙari ba. Amma a ƙasarsu masu son ɗan tsere da gaske ba sa tsayawa a wurin gamawa, inda ake tafi da ɗaukar hoto. Cikin daji suke shiga tun da safe, su nemi tudun da ya fi wahala kusa da ƙarshe, inda ƙafa ke mutuwa, su tsaya a nan. Duk tseren da aka yi a gida, tsohon yana wannan tudun da butar ruwan zafi a hannu. Tana isowa sai ya ƙwala mata kira da sunanta, da wata irin murya da ba ta taɓa ji a cikin gida ba. Da yamma a teburin cin abinci ya koma shirunsa kamar ba shi ba.

Ta ce, "Bayan ya rasu na ƙara kakar wasa ɗaya. Jikina lafiya lau. Amma duk na iso tudu sai in kasa kunne, ba kowa. Sai na ajiye." Ta ɗauki masa ɗaya ta gutsura, ta ce, "Ba sai kin yabe ta a gida ba. Ki zo tudu kawai."

Ranar tseren muka kama hanyar Birmingham mu uku. Dama ƙanwata tana can, a unguwar Balsall Heath, kuma yarinyar ta san inda na saba yada zango. Muna isa ta ce, "Mama, you don't have to wait, ki tafi gidan Anti kawai, zan yi ringing in na gama." Na ce to. Tana shigewa na fito daga mota.

Abin da ban lissafa ba shi ne kayan jikina. Ni da na shirya zuwa gidan ƙanwata, leshi na saka da gyale da takalmin fita kunya. Maƙwabciyata ta dube ni sama da ƙasa, ta buɗe bayan mota ta ciro takalman ruwa na mijinta da ta taho da su, manya har gwiwa. Haka na bi ta cikin fili, na tattare zani a hannu, ina tafiya kamar agwagwa, Turawa suna ta yi mini murmushin ladabi. Muka wuce inda iyaye suka taru, muka yi nisa har bayan wasu bishiyoyi, inda hanya ta miƙe sama, duk laka. Daga mu sai wani tsoho da karensa.

Yara suka fara wucewa, fuska ja, numfashi kamar zai tsinke. Can na hango tawa a baya, ƙafafunta baƙi ƙirin da laka, kanta a sunkuye. Tana zuwa gindin tudun ta rage gudu, ta dafe ciki, na ga alamar tafiya za ta koma yi. Maƙwabciyata ta sa gwiwar hannu ta zungure ni.

Na buɗe baki, "ke" ce ta fara zuwa, na mayar da ita. Sai na kira sunanta. Ya fito a shaƙe, ko karen tsohon bai juyo ba. Na sake kira, wannan karon da muryar da nake kiran ƙaninta daga bene.

Ta ɗago kai tana waige-waige. Da ta gan ni cikin leshi da takalman ruwa sai ta tsaya cak, yara biyu suka wuce ta. Na ce, "Ke, tsayuwa na ce ki yi? Hau mana." Ta hau tudun nan tana kuka tana dariya, ni ma ina biye da ita a gefe, zani a hannu.

Ko cikin goman farko ba ta shiga ba. A mota ta jingina kai da kujera, can ta ce, "Mama, ashe kin iya faɗa daidai. Teachers ɗina duk ɓata shi suke yi." Ba ta daina gudu ba, har ta gama jami'a tana yi, kuma duk tseren da na samu hali ina can bayan bishiyoyi. A gida dai har gobe "ke" ce, ita ma ta daina damuwa.

Ban jefar da kunyarmu ba, ina ganin kyanta har yanzu. Abin da na gane shi ne a Kano yaro yana da kakanni da gwaggonni da za su faɗa masa abin da shirun uwarsa ke nufi. A nan ba mai fassara masa, sai uwar ta yi da kanta.

Da na ba mahaifiyata labari a waya, ta ce, "A gaban mutane?"

Na ce, "A gaban mutane, Inna."

Sannan ta ce, "Ranar da za ki tafi Ingila, a filin jirgi, sunanki ya zo mini har leɓe. Na haɗiye shi."

Ni ma 'yar fari ce. Na riƙe wayar ina jira ko za ta faɗa, sai ta ce, "Ke, a gaishe da yaran." Na ce za su ji, na zauna a kicin na yi kukana mai daɗi.