Baba Shiru da Alewar Sista

Abokan aiki ne suka laƙaba masa Baba Shiru, kuma tun yana jin haushin sunan har ya haƙura ya riƙa amsawa. Aikinsa a gidan wasan kwaikwayo bai wuce abu biyu ba. Zai nuna wa mai tikiti kujerarsa, sannan in an kashe fitilu an ɗaga labule, ya koma jikin ƙofar baya da 'yar tocilarsa yana gadin shirun zauren. Na farkon kowa ma zai iya. Na biyun shi ne abin da ya tsufa a kai.

Dokar gidan tana nan manne a bakin ƙofa: ba a shiga da abinci, ba a shiga da abin sha sai ruwa a roba mai murfi. Amma kun san halin mutane. Wata za ta tura biskit can ƙasan jaka ta danne da gyale, wani ya cusa kwalbar lemo a aljihu yana tafiya a karkace kamar mai ciwon kwankwaso. Baba Shiru ba ya caje kowa, ya ce shi ba ɗan sanda ba ne. Jira kawai yake yi. Da an yi duhu kunnensa ke karɓar aiki. Ya san kukan ledar biskit, ya san hucin murfin lemo, ya san mai taunar cingam da baki buɗe. Sai ya bi gefen bango a hankali ya haska ƙasa, daidai ƙafar mai laifin, ya ɗan jima, ya kashe. Bai taɓa haska fuskar kowa ba, don ba ya son kunyata mutum cikin jama'a. Yawanci hakan ya wadatar.

In wani ya tsaya yi masa musu a waje, maganarsa ɗaya ce. "Wannan fa ba talabijin ba ne. Mutumin da ke kan dandamali yana jin ka kamar yadda kake jin sa. Yana can yana kukan uwarsa ta mutu, kai kuma kana nan kana ƙurus-ƙurus." Daga haka ba ya ƙarawa. Ni dai ina ganin gaskiyarsa, domin wanda ya kasa riƙe cikinsa zuwa hutun rabin lokaci, kamata ya yi ya ci ya ƙoshi tun daga gida.

Gidansa ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, a saman shagon masu gyaran firji. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa guda ɗaya tana wani gari mai nisa da mijinta da yaranta. Takan kira ran Lahadi, hayaniyar yara na tashi a bayanta, kafin ya gama amsa gaisuwa sai ta ce, "Baba, bari in kira ka anjima, wannan yaron zai fasa mini kofi." Anjimar ita ce wata Lahadin. Yakan dafa ɗan abin da zai ci a ƙaramar tukunya, ya ci a tsaye daga cikinta, don bai ga amfanin ɓata faranti saboda mutum ɗaya ba. Shirun da yake gadi a wurin aiki, a gida shi ke gadin sa, kuma yana jin ciwon hakan sosai, sai dai bai san wa zai faɗa wa ba.

A haka Sista ta shigo rayuwarsa, ta ƙofar laifi. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ta ɗan girme shi, kuma har yanzu kowa Sista yake ce mata. Duk Asabar tana zuwa wasan la'asar ita kaɗai, ta zauna a kujerar bakin hanya a layin tsakiya. Tana da ɗan tari da sanyin zauren ke tayarwa, don haka ba ta rabuwa da alewa mai yaji, irin wadda ake murɗe wa leda gefe da gefe. Matsalar ita ce Sista ta ɗauka in ta ɓare a hankali ba wanda zai ji. Abin da wani zai yi farat ɗaya a wuce wurin, ita sai ta yi ta jan sa kaɗan-kaɗan, ledar na ƙara, ta tsaya, ta ci gaba, har mutanen layi uku su fara juyowa.

Ranar farko ya haska ƙafarta, ko a jikinta. Da aka tafi hutu ya je ya tsaya a kanta.

"Hajiya, don Allah a riƙa haƙuri da alewar nan sai an fito hutu."

"Malam, tari kake so ko leda? Zaɓi ɗaya."

"Ba na son ko ɗaya."

"To ka je ka ce su rage wannan sanyin nasu. Ko a ɗakin ajiye magani ba mu yi irinsa ba." Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai kuma me ya samu gwiwarka ta hagu? Tun daga ƙofa na ga kana jan ta."

Rabon da wani ya lura da gwiwar nan tun matarsa na da rai.

Daga nan abin ya zama musu jiki. Ita ta ɓare alewa, shi ya haska, in an fito hutu ya zo ya yi ƙorafi. Faɗan ba ya daɗewa kan alewa. Sai ta zame zuwa gwiwarsa, ta tambaye shi ko yana gasa ta da ruwan ɗumi kamar yadda ta ce, ya ce yana yi, ta ce ƙarya yake, fuskarsa ta nuna. Ta ba shi labarin likitan da ya taɓa suma a ɗakin haihuwa suka koma yi masa fifita. Shi kuma ya gaya mata wane ɗan wasa ne ya manta maganarsa ran Alhamis ya yi ta zagaye tebur yana jiran a taimake shi. In an kaɗa ƙararrawa ta ce, "Tafi, Mai Tocila, ka je ka kama ɓarayinka." Wannan 'yar hirar ita ce kaɗai hirar da yake yi a mako. Tun daga Laraba yake tanadin amsar da zai ba ta, yana wanke tukunya yana murmushi shi kaɗai.

Sai aka fara wani sabon wasa mai dogon shiru a tsakiya, inda jarumin ke tsaye riƙe da rigar ɗansa, ba ya cewa komai. Daidai nan tarin Sista ya taso, daidai nan ledar ta fara kuka. Jarumin ya sauko ransa a ɓace ya yi wa manaja tatas, manaja kuma, wanda a haife Baba Shiru ya haife shi, ya kira shi ofis.

"Baba, matar nan ta layin tsakiya. Kowa ka iya da shi, ban da ita. Ko dai ka san yadda za ka yi, ko in ce wa mai tikiti kada a sake sayar mata."

Hankalin Baba Shiru ya tashi. In aka hana ta shiga, ya san ko sunan unguwarta bai sani ba. Don haka ya yi abin da ya iya, wato ya nemi maganin ƙarar. Ya sayi alewar irin tata, ya zauna a baranda ya ɓare su tas, ya sami wani ɗan gwangwani mai laushin murfi ya shimfiɗa hankici a ciki don kada su yi karo da juna. Ya gwada buɗewa a jikin kunnensa sau da yawa, ko ƙis bai ji ba. Ya ji daɗin dabarar har cikin ransa.

Ran Asabar kafin a fara ya miƙa mata. "Sista, ga wannan. A ɓare suke. Kin huta, na huta."

Ta buɗe ta duba, ta rufe. Ya yi zaton za ta yi masa tsiya, sai ta ce a hankali, "Ashe haka na dame ka, Malam."

"A'a, ba haka ba ne, manaja ne…"

"Ba komai. Na gode. Allah ya saka da alheri."

Sista mace ce mai gudun a ce ta zame wa wani kaya. Tun daga ranar ba a sake jin motsin leda a layin tsakiya ba. Da alewarsa ta ƙare, ita da kanta take ɓarewa daga gida ta cika gwangwanin. Jarumin ya yi shirunsa lafiya lau, manaja ya dafa kafaɗar Baba Shiru ya ce ai shi ya san tsohon hannu daban ne. Sai dai in an fito hutu, Baba Shiru ba shi da abin da zai kai shi layin tsakiya. Mutum ne da bai iya zuwa wurin kowa ba sai da dalilin aiki, kuma da hannunsa ya kashe dalilin. Yakan tsaya a ƙofa yana jujjuya tocila. In za ta fita ta ɗaga masa kai, ya ce a sauka lafiya, shi ke nan. Yakan kasa kunne duk tsawon wasan yana fatan ta yi laifi ko sau ɗaya, ba ta yi ba.

Makonni suka wuce a haka. Wata Asabar, da fitilu suka dawo aka fita hutu, ya ji ba zai iya ba kuma. Ya ja gwiwarsa ya gangara har inda take, ya tsaya a kanta.

Ta ɗago. "Yau kuma me na yi?"

"Ba ki yi komai ba."

"To tsayuwar me kake yi mini a ka?"

"Haka kawai," ya ce.

Ta dube shi. Sannan ta matsa zuwa kujerar ciki, ta ɗauke jakarta ta ɗora a cinya, ta bar masa ta bakin hanya. "To zauna mana. Mutum ya yi ta tsayuwa kamar an kafa shi."

Ya dubi kujerar. Ma'aikaci ba ya zama a zaure matuƙar akwai 'yan kallo, kuma duk shekarun nan bai taɓa karya wannan ba. Ya ɗora hannu a kan makarin kujerar yana ta shawara da zuciyarsa. Sai ƙararrawa ta kaɗa. Can bakin ƙofa jama'a suka fara turowa, kuma ya hango wata mata riƙe da kofin shayi yana tururi, tana shirin shigowa da shi.

"Ina zuwa," ya ce.

Ya je ya tare ta, ya roƙe ta ta shanye a waje, ya nuna wa wasu layinsu, ya ja ƙofa ya rufe. Kafin fitilu su gama mutuwa ya waiwaya layin tsakiya. Sista ta koma kujerarta ta bakin hanya, ta miƙe wuya tana kallon labule.